Ɗan da Ba a Ƙirga Ba

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da ta fi tsaya mini a rai cikin shekarun da na yi ina aikin likita, ba zan yi dogon tunani ba. Rana ce a ƙarshen shekarar 1977, an gama kaka, sanyi ya fara shiga, wata mata ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin da nake koyarwa a Gusau, ta ƙi shigowa, ta kuma ƙi tafiya. Kun sha jin ina yi muku faɗa a kan yadda kuke tambayar tarihin iyalin marar lafiya, har na san wasunku suna cewa tsufa ne ya sa ni mita. To, ba tsufa ba ne. Yau zan gaya muku inda mitar ta samo asali.

A lokacin ni ne babban likita mai kula da ɗakin yara a asibitin da nake aiki, aka kuma ɗora mini horar da sababbin likitoci. Matasa ne da suka gama makaranta, ake turo su wurinmu su ƙara gogewa kafin a rarraba su ƙananan asibitocin karkara. Can likita ɗaya shi ne na yara, shi ne na masu ciki, shi ne na tsofaffi, in ta kama shi ne mai cire haƙori. Yanzu kuna ce musu likitocin iyali. Mu a lokacin likitan komai da ruwanka muke cewa. A shekarar su biyar ne a hannuna, kuma kowace Alhamis bayan azahar muna zama a wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin gwajin jini, in koya musu cututtukan da ake gada daga iyaye.

Darasin nan bai da farin jini. Ɗayansu ya taɓa ce mini, "Ranka ya daɗe, ƙyanda da zawo suna kwashe yara kullum, mu kuma muna nan muna zanen kakanni." Na ce masa in ya gama da ƙyandar ya zo ya gaya mini, zan ba shi tukuici. Ba ni da haƙuri a lokacin, kuma ina ji da kaina, wannan ba sai an faɗa ba. Abin da nake koya musu shi ne zana bishiyar zuri'a a allo. Ɗan akwati namiji ke nan, ɗan zobe mace, layi tsakaninsu aure, layukan da suka sauko ƙasa 'ya'ya. Wanda ciwo ya kama sai a cike nasa da alli. In ka zana daidai, sai ka ga hanyar da ciwon yake bi a cikin dangi, har ka iya cewa ga wanda ya kamata a sa wa ido tun kafin ya kwanta.

Mutum ɗaya ne a cikinsu darasin ya shiga ransa, Dakta Lawali, ɗan manomi daga 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe. Dogo ne, mai sanyin magana, amma in ya kafe a kan tambaya sai ka gaji. Shi ne ya zo mana wata rana da goyon masara mai ƙwayoyi fari da ja da ruwan ɗorawa a jiki ɗaya, ya ajiye a kan tebur ya ce a bayyana masa wannan. Da masarar nan na koyar da rabin darasin shekarar, har ƙwari suka cinye ta a aljihun tebur.

Ƙa'idoji biyu nake nanata musu. Ta farko, ka tambayi dangi duka, kada ka tsaya a kan wanda aka kawo maka. Ta biyu, kada ka taɓa faɗa a gaban surukai cewa ciwo daga ɓangaren wane ya fito. Ta biyun nan ba a littafi na samo ta ba. Na ga matar da aka kora gidan iyayenta saboda wani likita ya yi suɓutar baki a kan sikila, ya bar dangin miji da tunanin ita ce ta kawo musu. Tun daga nan na ɗaure wa kaina cewa ba za a kashe aure da bakina ba. Ban taɓa tunanin ƙa'idojin nan biyu za su iya karo da juna ba.

Ana cikin haka aka kawo mana wani yaro daga wani ƙauye na ƙasar Tsafe, sunansa Ummaru, bai wuce shekara huɗu ba. Faɗuwa ya yi ya ciji harshe, ɗan rauni wanda ko tsinke ba zai shige ba, amma jini ya ƙi tsayawa, kwana da kwanaki yana tsattsafowa. Ya yi fari fat, ga gwiwa ɗaya a kumbure, ga tabon kwanciyar jini a jiki nan da can. Muka ɗebi jininsa muka zuba a kwalbar gwaji muna kallon agogo. Jinin mai lafiya cikin 'yan mintuna yake daskarewa, nasa kuwa muka gaji da jira yana nan tsululu. Maganin da muke da shi a lokacin ɗaya ne, ƙarin jini sabo, wanda aka ɗiba nan take. Na Lawali ya dace da nasa, ya nannaɗe hannun riga ya bayar. Allah ya sa jinin ya tsaya, yaro ya farfaɗo har ya fara kukan fura.

Wannan ciwo na rashin daskarewar jini yana da wata hanya tasa. Mace ce take ɗauke da shi, ita bai taɓa ta ba, sai ta miƙa shi ga wasu daga cikin 'ya'yanta maza. Uba mai lafiya ba shi da hannu a ciki. Ban taɓa samun irinsa a gabana in nuna wa ɗalibai ba, don haka, in faɗa muku gaskiya, har da murna na kwashe su biyar ɗin muka nufi inda yaron yake kwance.

Mata biyu ke jinyarsa. Uwarsa Kulu, siririya, kullum kanta a sunkuye, da kakarsa ta wajen uba, Inna Tumba, tsohuwa mai ƙarfin murya wadda ta riga ta san sunan kowace nas a ɗakin. Uban yaron direban babbar mota ne, ya yi kudu da kaya. Na sa Lawali ya yi tambayoyin, mu muna tsaye a kansu, maza shida da fararen riguna.

Ya gaishe su, ya ce, "'Ya'ya nawa ne a gidan?"

Inna Tumba ce ta amsa. "Ɗiya ukku na, likita. Mata biyu, sai wanga autan."

"Akwai wanda ya rasu?"

"Babu, Allah ya tsare."

Lawali ya juya wajen uwar. "Kulu, haka ne?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Haka na."

Ya ce, "To ke, cikin 'yan'uwanki maza, akwai wanda ya taɓa..."

Inna ta katse shi. "Likita, mi ya kawo danginta cikin maganag ga? Ɗa ai na uba na. In tambaya za ka yi, ga ni, ni na haihi ubanai." Sai ta juyo gare ni, don ta gane ni ne babba. "Kai nika tambaya. Ciwon ga daga ina ya hito? Mu dai gidanmu tun kaka da kakanni ba mu san shi ba."

Na ga kafaɗun Kulu sun ƙara sauka. Na yi wa Lawali ido ya tsaya. Na ce, "Inna, halitta ce daga Allah, ba laifin kowa ba ne." Sannan na ja kunnenta da kyau. Kada wanzami ya taɓa yaron nan, ba kaciya, ba tsaga, ba ƙaho. In lokacin kaciyarsa ya yi a kawo shi nan mu yi da jini a ajiye. Duk ɗa namijin da aka ƙara haifa a gidan, a kawo mana shi kafin aska ta hau jikinsa. Inna ta ce ta ji, kuma na yarda ta ji, don ta maimaita mini ɗaya bayan ɗaya.

Da muka fito Lawali ya biyo ni a baya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da ka bar ni na samu uwar ita kaɗai."

Na ce, "Ina za ka same ta ita kaɗai? Tsohuwar nan ko salla a gefen yaron take yi. Ka ja matar mutane gefe, ka ga abin da za a ce. Za su dawo bayan wata guda a duba shi, sai mu sa nas ta kira ta ɗaki. Gaggawa aikin shaiɗan ne."

Alhamis ta zagayo, na zana bishiyar gidan su Ummaru a allo, zobe biyu da akwati ɗaya cikakke. Na yi bayani har ina jin daɗin kaina. Lawali ya ɗaga hannu. Ya ce a garinsu mace ba ta ƙirga ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, in an tambaye ta 'ya'yanta tsallake shi take yi saboda kunya. Anya ba mu bar wani a baya ba?

Na yi dariya. Na ce, "Ni za ka koya wa kunyar ɗan fari? Ni ɗan fari ne, har yau tsohuwata 'wancan' take ce mini. Amma wa ya yi mana ƙirgan? Kaka ce. Kaka kuwa ba ta kunyar jika, da na farin take fara alfahari. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba." 'Yan ajin suka yi dariya, shi ma ya murmusa ya sauke hannu. Hujjata ta zauna daidai, duk wanda ya san al'adarmu zai ce haka ne. Da baƙo ne ni, wanda bai san komai ba, wataƙila da na koma na sake tambaya.

Aka sallame su suka koma gida. Ranar da aka ba su ba ta kai ga zuwa ba, wata Alhamis muna tsakiyar darasi, na hangi mace tsaye a bakin ƙofa. Na ce ta je wajen karɓar kati, nan ba wurin ganin likita ba ne. Ba ta motsa ba. Lawali ne ya gane ta, ya ce, "Uwar Ummaru ce." Na ɗauka jinin yaron ne ya dawo. Na fita na tambaye ta, ta ce Ummaru lafiya lau, yana gida wajen kakarsa. Ita kaɗai ta zo. Ta ce wa Inna za ta gaida wata gwaggonta, ta tari motar kasuwa a bakin hanya.

Na shigar da ita ofis, ni da Lawali da wata nas. Ta daɗe tana murza bakin mayafi, sannan ta ce, "Likita, don Allah ka hwaɗa min gaskiya. Ciwon ga, uwa shika bi ko uba?"

Babu suruka a wurin, babu dalilin ɓoyewa. Na ce, "Uwa yake bi, Kulu. Amma ba laifinki ba ne."

Ta gyaɗa kai kamar wadda ta riga ta sani. Ta ce tun ranar da na ce kada wanzami ya taɓa Ummaru ba ta ƙara samun kwanciyar hankali ba. Tana ƙarama an yi wa wani wanta shayi, wato kaciya, tare da sa'o'insa. Kowa ya warke, shi jini ya ƙi tsayawa har ya cika. Mutanen gari suka ce maye ne ya kama shi, aka bar maganar a haka. Sannan ta ce da wata ƙaramar murya, "Akwai wani."

Na ce, "Wani wa?"

"Na Kwatarkwashi."

Sai da nas ta zauna kusa da ita tana lallashi muka haɗa zancen. Auren da take ciki ba shi ne na farko ba. Ta fara aure a Kwatarkwashi ta ƙasar Bunguɗu, ta haifi ɗa namiji, zama bai yi daɗi ba, da aka yaye shi dangin uba suka riƙe abinsu ita ta fito. Yanzu ya kusa shekara goma. Yaro ne mai yawan laulayi, gwiwoyinsa suna kumbura, shi ya sa aka yi ta ɗaga masa kaciya. Bana uban ya ce abin ya zama abin kunya, ƙannen bayansa duk an yi musu. Wata mai tallan daddawa ce ta kawo mata labarin cewa an sa shi cikin yaran da za a yi wa a sanyin nan.

Ga ɗan fari, ga shi ɗan wani miji, ga uwar mijin yanzu a zaune, ga maza shida tsaye a kanta. Ta ina za ta buɗe baki ta ambace shi? Inna Tumba kuma ba ta yi ƙarya ba. 'Ya'yan gidan aka tambaye ta, ta ƙirga 'ya'yan gidan.

Lawali ya ce, "Kulu, ai motar da kika shigo ta Kwatarkwashi ta biyo. Me ya hana ki sauka?"

Ta ce, "Na ga dutsin, likita, har na ɗaga hannu in buga ma direba. To in sauka in ce mi? Matad da anka saki ta zaka ta hana a yi ma ɗansu shayi? Wa za ya saurare ni? Maganakku ɗai za su ji."

Ban tsaya neman izinin kowa ba. Na sa aka fito da motar asibiti, wata tsohuwar Landiroba, muka ɗauki ruwan ƙari da bandeji da abin ɗinki. Na ce wa sauran huɗun kada wanda ya bar asibiti, su je a gwada jininsu su zauna da shiri. Na tambayi Kulu sunan yaron don mu san wanda za mu nema. Ta kau da kai. Na tambayi sunan uban, nan ma shiru. Ta ce dai ta san gidan, za ta nuna mana.

Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa jin tsawon hanya kamar ranar ba. Muka bar kwalta muka shiga gari ta gindin dutsen, ta nuna wani gida mai rumbuna a ƙofa. Tun kafin in sauka na san mun makara. A zauren maƙwabta ga yara a jere a kan tabarmi, kowa da karan dawa tsakanin gwiwoyi don kada cinya ta taɓa rauni, ana ta kawo musu kaji da gumba, suna ci suna tsokanar juna. Shekaranjiya aka yi kaciyar.

Shi ɗan Kulu an ware shi a wani ɗaki a cikin gida. Uban, wani manomi mai furfura a gemu, ya shigar da mu ba tare da ya tambayi ko mu su wane ne ba. Yaron yana kwance, leɓɓansa fari kamar an shafa toka, tsummokaran da aka tara a gefe duk sun jiƙe. Wanzamin yana durƙushe a kansa, dattijo ne, idanunsa sun yi ja. Kada ku ɗauka mugu ne ko ɗan koyo. Ya ce mini, "Likita, tun ina saurayi nika aikin ga, ubana ma shi ya yi. Na sa bagaruwa, na sa duk abin da na sani. Ka duba sauran, ko ɗaya babu mai ɗigo. Wanga jini ba irin wanda na sani ba na." Na duba aikinsa, kuma wallahi da ni na yi ba zai fi haka kyau ba.

Muka ɗaure raunin, Lawali ya samu jijiya da ƙyar ya sa ruwa, muka ɗauke shi zuwa mota. Duk wannan abin Kulu tana waje a jikin katanga, ta rufe fuska da mayafi, ko leƙowa ba ta yi ba. Uban ya shiga gaba kusa da direba. Mu muka shiga baya, ita ta takure a lungu ta juya wa yaron baya.

Mun hau kwalta ke nan yaron ya fara lumshe ido. Hannuna ɗaya yana danne da raunin, ɗaya yana kan jijiyar wuyansa, Lawali yana riƙe da kwalbar ruwa sama. Na yi masa magana, bai kula ni ba. Lawali ya ce, "Kulu, matso ki ɗora kansa a cinyarki." Ta dubi ƙeyar tsohon mijinta, ta dube mu, sannan ta matso. Ta ɗauki kan kamar mai ɗaukar abin da aka ba ta aro.

Lawali ya ce, "Kada ki bari ya yi barci. Kira shi."

Ta ce, "Kai. Kai, yaro."

"Da sunansa, Kulu. Don Allah."

Na ga bakinta yana motsi babu sauti. Shekara kusan goma sunan nan yana cikinta bai taɓa fita ba. Sai ta sunkuya dab da kunnensa ta ce, "Nuhu." Ta ƙara, da ƙarfi wannan karon, "Nuhu! Ni ta, innakka." Ya buɗe ido ya dube ta. Ban sani ba ko ya gane ta, don rabonsa da ita tun yana ɗan yaye, sai hange daga nesa a wurin biki ko rasuwa. Amma ya dube ta, bai kuma kau da ido ba. Daga nan har ƙofar asibiti ba ta daina kiran sunan ba, kamar tana biyan na shekarun da suka wuce. Uban yana gaba, ya sa hula ya rufe fuskarsa.

Mun iso da ransa. Jinin biyu daga cikin ɗalibaina ya dace, har da mai cewa muna ɓata lokaci da zanen kakanni, shi ya fara kwanciya aka ɗiba. Muka rataya kwalbar farko. Ba ta kai rabi ba Nuhu ya cika, ana kiran sallar magariba. Abin da ya zubar ya yi yawa, zuciyar ta riga ta gaji. Na fita bayan ɗakin na tsaya, na kasa komawa in dubi matar nan.

Na zaci iyakar abin ke nan, ashe da saura. Ranar da aka ba su ta duba Ummaru ta zo, sai ga Inna Tumba da yaron a hannu, Kulu tana biye. Na yi mamakin ganin su tare, don na ɗauka tuni an kore ta. Inna ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta dube ni ido cikin ido.

Ta ce, "Likita, na tambaye ka ko ban tambaye ka ba?"

Na ce, "Kin tambaye ni, Inna."

"To mi ya hana ka hwaɗa min? Na san da yaron ga. Ni na je na nemo ma ɗana Kulu, da sanina ta taɓa haihuwa. Da ka ce ciwon ga cikin uwa shika bi, aradu da ƙahwata za ni Kwatarkwashi, in zamna ƙohwar gidan in ga wanzamin da za ya wuce ni. Tsohuwa ta ni, za su ji kunyata."

Na ce, "Tsoro na ji, Inna, kada a ɗora mata laifi a sake ta."

Ta tafa hannu. "A sake ta? Don Allah ya jarrabe ta? Kai ka san mu, ko ko ka dai ga tsohuwa mai hwaɗa ka yanke hukunci?"

Na gwada ta da wata surukar da na taɓa gani, na kare Kulu daga abin da babu shi, garin neman gira aka rasa ido. Har yau ba na cewa ƙa'idata ta biyu banza ce, don na san gidajen da ta tsare. Amma ranar na gane cewa ƙa'ida ba ta san mutum ba, sai likita ya zauna ya san shi da kansa. Da na ba tsohuwar nan rabin sa'a a ofis, ita kaɗai, da na san irin wadda nake magana da ita. Wannan baƙin cikin bai sake ni ba, kuma ba na jin zai sake ni.

Ummaru ya rayu. Da lokacinsa ya yi mu muka yi masa kaciya a asibiti, da jini a rataye. Lawali ya gama horonsa aka tura shi wani ƙaramin asibiti a ƙasarsu ta Tsafe, ya yi shekaru a can, har ya horar da nasa ɗaliban. Bai taɓa tuna mini maganar rimi ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan da ya faɗa.

Tun daga shekarar na sauya yadda nake koyarwa, kuma shi ne abin da nake so ku tafi da shi. Mutanenmu gida suke ƙirgawa, gida kuwa na uba ne. Ciwo bai san gida ba, jini yake bi, wani lokaci ya bi mace daga wannan gari zuwa wancan. Don haka kada ku tambayi 'ya'ya nawa ne a gidan. Ku sami matar ita kaɗai, ku rage taron fararen riguna, ku sa mace 'yar'uwarta a kusa. Ku tambaye ta ciki nawa ta yi tun daga na farko, a wannan gidan da wanda ta baro, rayayyu da waɗanda suka koma. Shirun da za ta yi ba rashin sani ba ne, tarbiyya ce, kuma aikinku ne ku buɗe mata ƙofar da za ta bi ba tare da ta ji ta zubar da mutuncinta ba. Lawali ya samo tambayar da ta fi tawa, kuma ita nake amfani da ita har na yi ritaya. Yakan sassauta murya ya ce, "Wanda ba ki faɗin sunansa fa, yana ina?"

Tsohuwata ta rasu shekaru bayan haka, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa shakkar tana ƙaunata ba. Na san abin da al'adar take nufi, a cikinta na tashi. Amma duk lokacin da na ɗauki alli zan zana bishiyar wani gida, sai na fara zana ɗan akwati ɗaya a gefen hagu, inda ɗan fari yake zama, in bar shi babu komai, ba na goge shi sai na tabbatar babu kowa a wurin. Ɗalibai sukan tambaye ni na wane ne. Nakan ce musu na Nuhu ne.